Daɗi Da Ɗaci A Jimla Ɗaya: Magana Kan Turancin Yaranmu

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Shagamu da Agege da Idi-Araba, har Anacha da Fatakwal, da duk inda neman halali ya ajiye mu. Yau mu ɗan ajiye maganar kasuwa da farashin tumatir a gefe, ina so mu tattauna a kan Turancin yaranmu, musamman wani darasi guda da ake ba su a sakandare da wuraren lesin na yamma, wanda a ganina a baibai ake ba da shi.

Ga yadda darasin yake. Malam zai cika allo da kalmomin da Bature ke amfani da su idan abubuwa biyu masu karo da juna suka haɗu a zuciyar mutum, wato murna da baƙin ciki, so da ƙi, ɗoki da fargaba. Kalmomi irin su ambivalent, bittersweet, nostalgic, reluctant da torn. Sai ya ce kowa ya haddace ma'anarsu, kuma ya sa kowace ɗaya a cikin jimla. Washegari littattafai su dawo da irin su "I am ambivalent", "The day was bittersweet", "My uncle is very nostalgic". Malam ya bi da jan biro yana ba da maki, yaro ya dawo gida da goma bisa goma, uba ya ji daɗi ya ce kuɗin lesin bai tafi a banza ba. Duk mai duba littattafan 'ya'yansa ko na ƙannensa ya san ba ƙage nake yi ba.

To amma me yaron ya faɗa? Ka cire ambivalent ka sa hungry, jimlar na nan daram. Ka cire bittersweet ka sa hot, ba abin da ya motsa. Jimlar da za ta karɓi duk kalmar da aka jefa mata ba ta nuna yaro ya san kalmar, iyakarta ta nuna ya san gurbin da ake ajiye sifa. Irin waɗannan kalmomi kuwa sun fi kowaɗanne buƙatar shaida, domin kowace ɗaya cewa take yi akwai abu biyu a rai. To ina biyun? In ba su fito a jimlar ba, huhu aka kawo babu goro a ciki.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Kowa ya sani, in babu kiredit a Turanci babu jami'a, ko da kuwa yaro ya cinye duk sauran darussa. A takardar WAEC ta rubutu, insha'i yana da maki 50, kuma ana son kalmomi wajen 450. Ana raba makin ne kamar haka: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya furuci, wato zaɓen kalma da ginin jimla, sai 10 na tsabtar rubutu, inda kowane kuskure na nahawu ko na aya da waƙafi ko na haruffan kalma yake cin rabin maki. Kuskure 20 kacal, goman nan ta tafi. A ɓangaren fahimtar labari kuma sai a ciro kalma a ce ka kawo wadda za ta maye gurbinta daidai da yadda aka yi amfani da ita a wurin, a ciro yankin jimla a tambaye ka sunansa a nahawu da aikin da yake yi. Babu inda ake ba yaro kalma a tsaye ita kaɗai kamar turke babu akuya. Ka ga kenan ko don cin jarrabawa kaɗai, hadda ba ta kai yaro gaci.

Ni ra'ayina shi ne, rai biyu a ginin jimla yake zama, kuma ƙananan kalmomin da ba wanda ke rubutawa a allo su ke ɗauke da shi: but, yet, although, while, despite. Malam mai karatu, dubi waɗannan jimloli biyu. "Although I love Ibadan, I want to leave." Da kuma "Although I want to leave, I love Ibadan." Kalmomi iri ɗaya ne, ba a ƙara ko ɗaya ba, ba a rage ba. Amma mai jimlar farko ya riga ya fara ɗaure kaya, mai ta biyu kuwa a Mokola za a binne shi. Dalili shi ne, ɓangaren da although ya riƙe ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, rangwame ne kawai mai magana ya yi kafin ya faɗi abin da ya tsaya a kai. Ainihin matsayinsa yana ɗaya ɓangaren. Haka yake a wajen but, abin da ya biyo bayanta shi ke rinjaye. Mu ma ai mun san wannan. In dillali ya ce maka "saniyar tana da kyau, amma", kai ka san ba kyan saniyar zai dame ka ba, abin da ke bayan amma shi ne cinikin.

A nan ne kuma yaron Bahaushe ke faɗawa wani rami da ba laifinsa ba ne. A Hausa daidai ne ƙwarai ka ce "ko da yake na ji daɗi, amma raina bai kwanta ba". Muna haɗa ko da yake da amma a jimla ɗaya, kuma kunne ba ya jin wata gargada, har ma in babu amma sai ka ji kamar maganar ba ta cika ba. Yaro sai ya ɗauko wannan gini ya kai Turanci: "Although I was happy but I was worried." Bature kuwa ɗaya yake ɗauka, ko although ko but, ba ya haɗa su. Wannan kuskure ya cika Turancin Nijeriya, za ka ji shi a bakin manya a rediyo, za ka gan shi a jarida, amma mai duba takardar jarrabawa ba ruwansa, rabin maki zai cire. Na sha ganin malami ya zagaye but da jan biro shekara guda yana zagayewa, yaro kuma yana maimaitawa, domin ba wanda ya taɓa gaya masa daga ina kuskuren ke fitowa. Ran da aka ce masa "wannan amma ɗinka ce ta Hausa ka ɗauko, a Turanci ko da yake ta wadatar", ran nan yake dainawa. Minti biyu ne aikin. Amma sai wanda ya san harsunan biyu zai iya yi masa shi, kuma mafi yawan malaman da ke koya wa yaranmu a nan ba sa jin Hausa, ba kuma za mu zarge su ba don wannan.

Sauran ramukan na san su, ku ma kun san su. Despite ba ta ɗaukar of, in spite ce ke ɗauka. Kuma suna take so a gabanta, ba cikakkiyar jimla ba, don haka "despite my fear" daidai ne, "despite I was afraid" kuwa kuskure. However ba ta ɗinke jimloli biyu da waƙafi kaɗai, sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin ita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wurin da babu ɓangaren da ya rinjayi wani. Domin in ɗaya ya yi rinjaye, ai an yanke hukunci, rai ya zama ɗaya. Rai biyu na gaskiya shi ne wanda ma'auni ya tsaya cak. Hausa tana da gini na musamman don wannan, wato ga kaza ga kaza. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ga murna ga hawaye. Ba amma a ciki, ba ko da yake, an jera su ne kafaɗa da kafaɗa an bar su su kalli juna. Turanci yana yin wannan da both da and, ko da and kaɗai, ko a ƙara at once a ƙarshe: "She was proud and frightened at once." Yaron da ya gane cewa and tana daidaita ma'auni, but tana karkatar da shi, although kuma tana sanar da kai tun da wuri inda zai karkata, wallahi ya fi wanda ya haddace kalma ɗari iya Turanci.

Shi ya sa nake jin haushi idan na ji iyaye suna cewa a hana yara Hausa a gida wai don Turancinsu ya gyaru. Me za a hana su? Harshen da ke da kukan daɗi? Harshen da ke cewa ana so ana kaiwa kasuwa, da gaba kura baya sayaki, da tsaka mai wuya, da "na yi ba don raina ya so ba", da "zuciyata ta rabu biyu"? Yarinyar da ta taɓa rakiyar amarya ta ga yayarta tana kuka a ranar da ta fi kowace rana jira, ta ga uwa tana sa albarka murya na rawa, ba ta buƙatar ƙamus ya gaya mata mene ne bittersweet. Ta riga ta san abin, sunansa na Turanci kawai ya rage mata. Malamin da ya fara daga nan ya gama rabin aikinsa.

Sai dai akwai bambancin gini da ya kamata a nuna wa yaro ƙarara. Mu a Hausa jin abu muke yi: jin daɗi, jin haushi, jin tsoro, jin kunya. Ko kuma mu ɗora wa wata gaɓa: raina ya ɓaci, gabana ya faɗi, hankalina ya tashi, cikina ya ɗuri ruwa. Bature ya fi son sifa, ya ce shi ne abin: I am afraid, I am ashamed. Daga nan ne rikicin bored da boring yake tasowa, yaro yana so ya ce ya gaji da zama, sai ya rubuta cewa shi ne mai gundurar mutane. Haka confused da confusing, excited da exciting. Mai ɗauke da ed shi abin ya sama, mai ing shi ya jawo. Sannan kowace kalma da jelarta, kuma in za a koyar da ita to a koyar da ita har jelar: ambivalent about, torn between wannan and wancan, reluctant to, nostalgic for. Kalma ba jela kamar buta ce ba marfi ba hanci. (A gefe guda, mu yaba wa kanmu kaɗan: yaranmu ba su cika rikita he da she ba, domin shi da ita suna cikin jininmu, alhali abokansu Yarbawa kalma ɗaya ke gare su ta namiji da mace, sai sun yi da gaske. Su kuma su rama a kanmu wajen p da f. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.)

Su ma manyan kalmomin, da za a ba da labarinsu maimakon a jera su, da sun zauna a kai. Ambivalent ba tsohuwar kalma ba ce. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ya ƙirƙiro ta a 1910, daga kalmomin Latin biyu masu ma'anar "duka biyu" da "ƙarfi". Wato so mai ƙarfi ne da ƙi mai ƙarfi suke ja-in-ja. Wanda ya san haka ba zai rikita ta da indifferent ba, wadda ke nufin ko oho, ba zai kuma rikita ta da ambiguous ba, wadda ke nufin magana mai harshen damo. Nostalgia kuwa wani ɗalibin likitanci ne, Johannes Hofer, ya haɗa ta a 1688 daga kalmomin Girkanci na "komawa gida" da "ciwo", kuma a lokacin cuta aka ɗauke ta, irin wadda ke kama 'yan Suwizalan da ke aikin sojan haya a ƙasashen waje. Yau ma'anarta ta koma begen zamanin da ya wuce, begen gida kuma ya zama homesick. Bittersweet ita ce mafi sauƙi a wurinmu, ɗaci da zaƙi ne aka haɗa. Ba sai an je da nisa ba. A ba yaro ɓarin goro ya tauna, ya yamutsa fuska, sannan a ba shi ruwa ya kurɓa ya ji yadda bakinsa ya koma zaƙi. Goron nan dai shi ne, tare da shanu, ya kawo kakanninsa Shagamu da Ibadan da Agege tun farko.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a maganar. Ban san yaron da ya fi yaron Sabo abin rubutawa a kan rai biyu ba. An kafa Sabon Ibadan a 1916, fiye da shekara ɗari kenan, akwai gidajen da uba da kaka duk a nan aka yanke musu cibi. Yaro ya tashi yana jin Yarbanci kamar ɗan gari, yana cin amala da ewedu da rana ya ci tuwo da miyar kuka da dare. A makaranta shi ne Gambari ko Aboki. In an je gida da Sallah kuma dangi su yi ta dariyar Hausarsa suna kiransa ɗan Kurmi. Ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar indijin, sai a tura shi wata ƙaramar hukuma a Kano ko Katsina ko Sakkwato da wataƙila sau biyu ya taɓa kwana a cikinta. Yana jin labarin Shagamu na 1999 da Idi-Araba na 2002 a bakin manya, ya ji na Sabon Ile-Ife na 2017, na kasuwar Shasha na 2021 kuwa da wayonsa aka yi. Ya ga motoci sun cika da kaya sun nufi Arewa, ya kuma ga wasu sun dawo bayan ƙura ta lafa domin nan ɗin dai nan ne gida. Kuma abokin da suke zama benci ɗaya, wanda suke raba biro da shi, Bayarabe ne.

To wace kalma ce a jerin malam za ta ɗauki wannan? Homesick ba ta yi ba, domin bai taɓa zama a Kano ba balle ya yi kewarta. Nostalgic ba ta yi ba, zamanin da ake bege na kakansa ne. Ambivalent ta matso kusa, amma ita kaɗai ba ta faɗi komai ba. Babu kalma ɗaya, a Turanci ko a Hausa, ta kewar garin da ba ka taɓa zama a ciki ba, ko ta son garin da har yanzu baƙo yake kiranka. Jimla ce kaɗai za ta iya: "I miss a town I have never lived in, and I love a town that still calls me a stranger." Duba da kyau, babu kalma ko ɗaya a ciki da ɗan aji huɗu na firamare bai sani ba. Amma duk mai duba takarda da ya ci karo da ita sai ya ɗago kai. Kuma lura, and aka sa a tsakiya. Da but aka sa, da yaron ya zaɓi gari ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha gaya mini a majalisa: ai manyan kalmomi su ke burge masu ba da maki, kuma gwamnati ma ta koma Turanci zalla. Gaskiya ne, tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare da aka amince da shi a 2022, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi a Nuwamban 2025. Amma mu a nan ko da can bai taɓa mu sosai ba, tunda a mafi yawan makarantun da yaranmu ke zuwa harshen gari Yarbanci ne. Kuma a nan ƙasar Yarbawa ɗin, a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwajin nan a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Batun burgewa kuwa, babbar kalma da aka sa ba a gurbinta ba ta fi ƙaramar kalma tona asiri, kamar babbar riga ce a jikin yaro, kowa ya gani ya san aro ce. Ban ce kada a koyi ambivalent ba. A koye ta, kalma ce mai amfani. Amma ta zo bayan an gina mata ɗaki.

Saboda haka ga roƙona ga masu lesin na unguwanninmu, da ɗalibanmu na jami'a da ke dawowa hutu suna zaman kashe wando a bakin masallaci. Ku canza tambayar. Maimakon "sa wannan kalma a jimla", ku ce wa yaro ya faɗi da Hausa wani lokaci da ya ji abu biyu a ransa: ranar da aka kai yayarsa ɗakin miji, ranar da motar Arewa ta tashi da kakarsa, ranar da ya ci jarrabawa abokinsa ya faɗi. Ya rubuta ɓangaren farko da Turanci a jimla guda, na biyu a jimla guda. Sannan ya haɗa su sau uku, da but, da although, da and, ya gaya muku wacce ce ta fi kusa da abin da ya ji, da dalili. Sai a ƙarshe ku tambaye shi ko akwai kalma a jerin malam da ta dace ta hau kan jimlar. Wani lokaci akwai, wani lokaci babu, kuma in ya ce babu kada ku tilasta masa.

Iyaye kuma da ba su yi boko ba, kada ku ce ba ku da hannu a ciki. Kashi na farko na aikin nan da Hausa ake yin sa, kuma a kan tabarma bayan sallar isha'i ya fi daɗin yi.